Yadda Na Sa Takarkarin Kaka Rawa

Bara da bazara na zama babbar mai haɗa kiɗa a duk faɗin ƙasar Gure. Ban da ni ba wanda ya san da wannan matsayi, amma hakan bai rage mini komai ba.

Kawu ne ya jawo, ƙanen Inna, direban babbar mota tsakanin Damagaram da Difa. Ya sayi sabuwar waya, ya miƙo mini tsohuwar, ya ce in riƙa duba darasin lakwal, wato makarantar boko. Gilashinta ya tsattsage kamar ƙasan tabki da rani, sai ka danna wuri sau uku kafin ta yarda ta ji ka. Darasi kuwa na duba, sau ɗaya, don kada in ci amanar Kawu. A rana ta biyu na ci karo da wata manhaja da shi kansa bai san tana ciki ba.

In ka buɗe ta, layuka za ka gani a jere, kowane layi da gurabe goma sha shida kamar na dara. Layin sama ganga ne, na biye tafi, na biye wani abu mai ƙyas-ƙyas kamar an girgiza tsakuwa a gwangwani, na ƙasa kuma gurnani yake yi irin na raƙumin da aka ɗora wa kaya ba ya so. Gurbin da ka taɓa sai ya kama haske. Wata ƴar sanda tana bi ta kansu daga hagu zuwa dama, duk gurbi mai haske da ta taka sai ya yi ƙara, in ta kai ƙarshe ta dawo farko. Haka za ta yi ta yi har batir ya mutu, ko kai ka riga shi. Da Faransanci aka rubuta sunan abin, ni dai maimai na raɗa masa.

Tunanina na farko shi ne, gurbi ai don a cika shi aka yi shi. Na bi layukan nan huɗu na cike su tas, ban bar ko ɗaya ba, na kunna. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana cewa, “Wa ya zubar mini da kwanuka?” Kajinmu suka haura katanga, ɗaya sai bayan kwana biyu ta dawo, ita ma ba ta ƙara yi mini kallon mutunci ba.

Sai da na yi sati kafin na gane cewa gurbin da ka bari fanko shi ma aiki yake yi. Na sa ganga a na ɗaya, na biyar, na tara da na sha uku, na sa tafi a tsakani, na rage wa raƙumin surutu. Ranar ce kaina ya fara kaɗawa ba tare da na ba shi izini ba. Na gano kuma wurin da ake ƙara gudu da ragewa. In na ƙara, kamar ana bikin ƴan aljanu. In na rage, kamar jaki ya tashi daga barci yana tunanin rayuwa.

Abin ya bi ni har aji. Bayan kayen lissafina, littafin da nake rubutu a ciki, ya cika da gurabe, ina ɗiga musu baki ina ganga da leɓe. Mushe, malaminmu, ya ɗauki kayen, ya duba, ya juya shi ƙasa ya koma sama, ya ce shekararsa ashirin yana koyarwa bai taɓa ganin wannan lissafi ba. Washegari saƙo ya iso gida.

Baba mutum ne da maganarsa ta wata guda ba za ta cika kofin shayi ba. Ya ajiye maganar har hutun sati biyu ya zo, lokacin da aka saba tura ni wajen Kaka, mahaifinsa, can rijiyar da shanunmu ke sha a hanyar Kelle. Da safen tafiya ya miƙo hannu ya ce waya. Inna ta sa baki, ta ce a bar mini don a riƙa jin lafiyar tsoho. Baba ya dube ni ya ce:

“Ranar da wayar nan ta sa wata dabba ta kwana da ƙishirwa, ranar za ta koma aljihun kawunki. Ba kuma za ki sake ganin ta ba.”

Na ce to, Baba. A raina na ce ina waya ina ƙishirwar saniya, ai ko a mafarki ba sa haɗuwa.

Wanda bai san rijiyar nan ba, bari in kwatanta masa. In ka jefa dutse ciki, kana iya zuwa ka gaisa da mutane ka dawo kafin ka ji faɗuwarsa. Hannu ba ya jan gugarta. Gwafa huɗu aka kafa a bakinta, kowace tana fuskantar gefenta, kowace da gargaren icce da igiya ke bi ta kai. Ana ɗaura bakin igiyar a jikin dabba, wasu raƙumi, wasu jakuna, mu takarkari. Dabba ta yi gaba, guga ta hau. In ta iso baki, mai gwafar ya yi kira, dabba ta tsaya cak, ta juyo, a zuba ruwa a komi, a sake zura guga. Kowane mai gwafa da irin kiransa, kowace dabba kuma na maigidanta kaɗai take ji, ko da mutum huɗu suka yi ihu lokaci guda.

Aikina jan takarkari. Yayana shi ke karɓar guga yana zubawa. Kaka kuwa aikinsa kira, da faɗa wa kowa cewa bai iya aikinsa ba. Gwafar tamu ce daga hantsi zuwa azahar, daga nan wani gida ya karɓa. Da bazara sai bayan kwana bibbiyu shanu suke sha, saboda haka wadda ta rasa rabonta ta shiga uku.

Takarkarin nan jan sa ne, tsoho, mai tozo kamar tulun da aka kife. Ba ya buƙatata ko kaɗan. Ya san hanyar, ya san kiran, ni dai ina riƙe da igiyar hancinsa don kada a ce ba a ba ni aiki ba. Kiran Kaka kuma, in ka ji shi sau ɗaya ba ka mantawa: “Hoooo-ya!” Yana tasowa daga can ƙasan ciki, ya yi tsawo, ya faɗi kamar an sauke buhu.

A kwana na uku, ina zaune kusa da farantin solar da muke ba waya wuta, na lura da wani ɗan jan madanni a gefen manhajar. Na danna shi, na yi atishawa. Sai ga atishawata ta zama layi, da gurabenta goma sha shida. Na kunna, na ji kaina ina atishawa a kan ganga, daidai, ba ko kuskure. Wallahi na ɗauka ni ce mutum ta farko da Allah ya nuna wa wannan abu.

Daga ranar komai na rijiyar ya zama kayan kiɗa. Na ɗauki kukan gargare, ƙiiiƙ-ƙiiiƙ. Na ɗauki faɗuwar ruwa a komi. Na ɗauki ƙwaryar da Yaya ke buga wa maruƙa. Na so in ɗauki gurnanin raƙumin maƙwabcinmu, mai gwafar gabas, raƙumin ya nemi ya ɗauki kunnena, muka rabu kowa da abinsa. Daga ƙarshe na laɓe bayan komi na ɗauki kiran Kaka.

“Amaryata, me kike ɓoyewa a mayafi?” in ji shi.

“Ba komai, angona. Kyawunka nake kallo.”

“Maƙaryaciya. Tafi ki kama sa.”

Kiran ya fi gurabe tsawo, saboda haka na koyi yanka. Ana ja da yatsa a datse farko, a datse ƙarshe. Na datse wutsiyarsa ya zama “Hoo-ya!” gajere, mai tsalle. Da yake shi ya fi mini daɗi a duk layukan, na sa shi a farkon kowane maimai. Kowane ɗaya. Ganga, tafi, gargare, ruwa, Kaka. Ganga, tafi, gargare, ruwa, Kaka. Na saurara da abin kunne sau ɗari, duk saurare ina ƙara tausaya wa sauran makaɗan duniya.

Matsala biyu suka taso. Ta farko, wani ɗan akuya ya tauna igiyar abin kunnena, ya bar mini kan guda ɗaya don tunawa. Ta biyu, ba mai saurare. Na nufi Yaya, ya ce in ba wasan ƙwallo ba ne kada in dame shi. Kaka kuwa ban isa ba, tunda da sata na ɗauke shi. Kiɗa kuma in ya zauna a ciki ba wanda ya ji, ƙaiƙayi yake yi.

Ranar sha ta zagayo. Muna cikin guga ta biyar, na dubi takarkari, na ga kunnuwa manya-manya kamar faifai, ga shi ba ya magana balle ya kushe. Mun yi nisa da rijiya, ba mai ji. Na ce, “Tsoho, yau za ka ji abin da kakanninka ba su ji ba.” Na fito da waya, na ƙure ƙara, na kai ta saitin kunnensa, na danna sau uku.

“Hoo-ya!”

Takarkari ya tsaya cak, kamar an dasa shi. Ya juyo, kamar yadda yake yi shekara da shekaru. Guga kuwa tana tsakiyar rijiya, cike da ruwa, nauyinta ya kai na mutum. Da sa ya juyo, igiya ta fara komawa da gudu, gargare ya kama kuka irin wanda ban taɓa ɗauka ba. Na hango Kaka ya ɗaga hannu biyu sama. Na ja hancin sa don ya koma gaba, ya yarda, ya yi taki biyu.

“Hoo-ya!”

Ya tsaya. Ya juyo.

Na kai yatsa in kashe, gilashin ya ce bai san ni ba. Hannuna gumi da rairayi, na danna, na danna, maimakon ya mutu sai na kunno layin raƙumi. Ga ganga, ga tafi, ga gurnani, ga Kaka yana kira daga cikin tafin hannuna, ga Kaka na gaskiya can bakin rijiya yana wasu kalmomi da ba zan rubuta ba, rabi da Hausa rabi da Barbarci. Takarkari bawan Allah, mai biyayya, duk kira sai ya amsa. Ya tsaya, ya juya. Ya tsaya, ya juya. Kuma in faɗi gaskiya, ko da za a yanka ni: a kan kiɗa yake juyawa. Bai saɓa ko sau ɗaya ba. A tsakiyar tashin hankalin nan wani ɓangare na zuciyata cewa yake, kai, gudun ya yi daidai.

A juyi na shida igiya ta naɗe masa ƙafa, ya yi harbi, ƙullin ya kwance. Na ga bakin igiya yana gudu a kan rairayi kamar maciji ya tuna gida. Yaya ya yi tsalle ya kama iska. Igiya ta haye gargare ta shige. Muka jira. Can, bayan kamar shekara guda, muka ji tsulum.

Duk rijiya ta yi tsit. Raƙumi ya daina tuƙa. Jakuna suka ɗaga kunne. Ba abin da ke tashi sai wayata: ganga, tafi, “Hoo-ya!” Wata tsohuwa mai jakai ta dubi Kaka, bakinsa a rufe, ta dubi inda muryarsa ke fitowa, ta ce a'uzu billahi, ta ja jikarta baya.

Kaka ya tako har inda nake, a hankali. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya miƙo hannu, na sa masa waya tana ta kiransa. Ya juya ta, ya rasa inda ake kashewa, ya jefa ta aljihun rigarsa inda yake ajiye goro. Muka koma rijiya, shi a gaba ni a baya, aljihunsa yana kiran sa.

A nan maganar Baba ta faɗo mini kamar gugar nan. Shanu sun fi arba'in, waɗanda suka sha ba su kai goma ba. Sauran sun yi cirko-cirko a bakin komi suna kuka, suna ture juna, rana tana hawa. Ba guga, ba igiya.

Aka aro ƙugiya mai baki huɗu, Yaya ya zura ta da siririyar igiya yana lalube. Ya fito da takalmin roba. Ya fito da wata guga da ta shekara da ɓacewa, mai ita yana wurin, ya yi ta godiya har da sa mini albarka, Kaka ya harare shi. Ya fito da buta. Duk abin da ya fito, sai Yaya ya ɗaga shi sama ya ce, “Makaɗiya, wannan ma za ki ɗauka?” Sai da aka kusa azahar ƙugiya ta kamo igiyarmu. Lokacinmu ya ƙare ke nan, gidan da ke biye sun iso da garkensu suna jira.

Maƙwabcinmu mai raƙumi ne ya cece mu. Ya ce in ya gama da la'asar mu ɗauki gwafarsa. Ya ƙara da cewa shekara da shekaru bai yi dariya irin ta yau ba, ladan kallo ne.

Da la'asar muka sake ɗaura sa. Guga ta iso baki, Kaka ya cika ƙirji ya yi kira. Takarkari ya kaɗa kunne, ya waiwayo ya dube ni, ya ci gaba da tafiya abinsa. Guga ta daki gargare, rabin ruwan ya wanke Yaya. Kaka ya sake kira. Sa ya yi kamar da wani ake. An yaudare shi sau shida a rana ɗaya, ya gama da wannan kira har abada.

Ranar na san jan takarkari aiki ne. Tafiya nake da baya da baya, idona a kan Yaya, in ya ɗaga hula in rataye a igiyar hanci da duk ƙarfina in tsayar da sa, in juya shi da kafaɗa. Guga bayan guga. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Ina ja ina ƙirga shanu a raina, wadda ta sha in cire ta. Rana ta sauka kan dabinon kwari, aka ce an gama, ni kuwa lissafina ya ce saura ɗaya: wata saniya mai karyayyen ƙaho, mai zuciya, wadda ba ta son turereniya. Na bar su suna naɗe igiya, na cika bido biyu, wato jarkoki, na ɗora wa jakin tsohuwar nan da izininta, na bi sawu. Na same ta bayan tudu a tsaye ita kaɗai tana fushi da duniya. Na zuba mata a tasa. Ta sha, ta sha, ta sha, ta ɗago ta yi mini atishawa a fuska. Ban taɓa jin daɗin atishawa kamar wannan ba.

Kwana biyu waya tana aljihun Kaka. Ran na uku Baba ya zo a kan babur da gero da sukari. Kafin ya cire rawani Yaya ya ba shi labari, ya ƙara gishiri, a bakinsa sa har tsalle ya yi da ƙafa ɗaya. Baba ya saurara har ƙarshe. Aka shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, aka kira ni.

“Akwai wadda ta kwana ba ta sha ba?” ya tambayi Kaka.

“Babu. Ta bi ta ƙarshen har bayan tudu.”

Zuciyata ta fara ganga.

“Amma guga ta faɗa, an rasa lokaci, an lalata sa,” in ji Baba. Ya miƙa hannu wajen Kaka. “Kawo ta, Baba. Kawunta zai wuce jibi.”

Gangar ta tsaya. Na buɗe baki in ce ai ba haka aka yi sharaɗi ba, na dubi fuskar Baba, na mayar da bakina na rufe.

Kaka ya fito da waya, duk ta yi jan goro. Bai ba shi ba. Ya dube ni ya ce, “Kunna mini abin nan in ji da kyau. Ranar ina cikin fushi.” Ya waiwaya ya tabbata sa yana nesa. Na haɗa ta da wuta, na kunna.

Ya saurara, ido a rufe. Maimai ɗaya, biyu, biyar. Ya buɗe ido.

“Wannan ni ne?”

“Kai ne, Kaka.”

“Wa ya yanke mini wutsiya?”

“Bai shiga gurabe ba ne, shi ya sa na...”

“Sai ki ƙara gurabe! In riga ta yi wa mutum kaɗan, mutumin ake yankewa?” Ya juya wajen Baba. “Ka ji yadda ƴarka ta mayar da ni? Kamar ɗan kwikwiyo an taka masa ƙafa.” Ya dawo kaina. “Kuma wane mahaukaci ne ke kira sau ashirin a guga ɗaya? Kin taɓa jin na yi haka?”

“A'a.”

“Sau nawa nake yi?”

“Sau ɗaya.”

“Yaushe?”

“In guga ta iso.”

“To! Kafin ta iso fa, me kowa ke yi? Jira. Sa yana jira, yayanki yana jira, shanu sun zuba ido. Gargare yana kuka yana ƙara kuka. Sannan ni. Sannan ruwa. Ke kin zuba ruwa tun guga ba ta jiƙe ba. Shi ya sa sa ya raina ki, ya haɗa da ni.”

Baba ya gyara murya, hannunsa har yanzu a miƙe. Kaka ya dubi hannun kamar bai san na wane ne ba.

“Muryata tana cikin abin nan,” ya ce. “Ba za ta tafi Difa a aljihun direba ba, a guntule, mutane su ce haka nake kira. Tana nan wurina har a gyara.” Ya mayar da ita cikin goro.

A duniya mutum ɗaya ne Baba ba ya iya ja da shi. Ya janye hannu, ya sha shayinsa. Da zai hau babur ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, “Kayen lissafi kuma, lissafi.” Na ce to, Baba, wannan karon har cikin raina.

Sauran hutun haka ya tafi. Waya tana aljihun Kaka har a gama shayarwa. In an naɗe igiya ya ba ni, in zauna a gindin aduwa, shi a gefe yana ɓare goro yana kushewa. Na ƙirga takun sa daga rijiya zuwa inda yake tsayawa, na jera maimai da yawan da ya yi daidai da tafiyar. A nan na koyi abin da ban sani ba duk watannin nan: ba dole kowane layi ya yi magana tun farko ba. Na fara da ganga ita kaɗai, a hankali, kamar takun sa. Gargare ya shigo. Tafi ya shigo. Raƙumi ya shigo daga ƙasa. Ana ƙarawa, ana ƙarawa, sai in kashe komai ɗif, gurabe huɗu fanko. Sannan Kaka, da wutsiyarsa cikakkiya, “Hoooo-ya!” Sannan ruwa, da duk layuka gaba ɗaya.

Sau tara ya mayar da ni. Wani lokaci ya ce na yi gaggawa, wani lokaci ya ce ruwan bai kai guga ba, na buta ne. A na goma sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi cikin rairayi. Da ya ga na gani ya rufe shi da riga.

Takarkari dai bai yafe ba. Dole Kaka, da furfurarsa, ya ƙirƙiro sabon kira, ya yi kwana huɗu yana koya masa kamar ɗan maraƙi, mai raƙumi yana gefe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Sabon ya fi tsohon kauri, yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya. Kaka ya ce in na kuskura na ɗauke shi, zai zura ni rijiya da ƙugiya. Duk lokacin da zai yi kira sai ya dubi hannuwana, alhali wayar tana aljihunsa.

Ranar komawa Gure ya fito da ita ya goge da bakin riga ya ba ni. Har yau in na kai ta hanci warin goro nake ji. Na ɗaura kayana, na durƙusa na yi masa sallama. Ya dubi rijiya, ya dubi sa, ya yi gyaran murya sau biyu.

“Amaryata.”

“Na'am, angona.”

“Sabon kiran nan. Da gaske ba ki ɗauka ba?”

“Kai ka hana, Kaka.”

“Tun yaushe kika fara jin magana?” Ya miƙe ya kaɗe riga. “Taso mu je bayan tudu, inda sa ba zai ji ba. Kuma in kika taɓa mini wutsiya, ni da ke ne.”